Ƙarar Babur a Zaure

Daren Laraba, Ƙofar Guga

Habibu, na san kana buɗe littafin nan in na juya baya. To, karanta, ko kunya za ta kama ka.

Tun da 'yan bindiga suka sako ƙanwata Saude, babu wanda ya zauna ya saurare ta a ƙauyensu. Jami'ai sun je, an ɗauki hoto, an ce ta yi haƙuri, suka tafi. Ko ƙafarta da ta kumbura ba a duba ba. Shi ya sa na ɗauko ta.

Yau da la'asar tana tsince shinkafa, ka shigo zaure kana murɗa babur. Ta saki faifan, ta maƙale bayan randa. Ka yi dariya ka ce, "Inna, ni ne fa."

Da na rungume ta ta ce, "Yaya, haka ƙararsu take in za su shigo gari."

Hukuma ta watsar da ita, ɗan yayarta kuma ya yi mata dariya. Tarbiyyar da na ba ka kenan?

Daga gobe a bakin lungu za a kashe babur, a turo shi da hannu. Har na babanku.