Na Kira Sunan Dikko a Kan Sarewar da Ba Tasa Ba

Assalamu alaikum Malam Gwadabe. Don Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka hanzarta, domin kwana goma sha biyu kacal suka rage mini. Shekarata sittin da bakwai, jikokina tara, ban taɓa zaton zan kai kukana jarida ba. Ka sakaya sunana, ko da yake duk wanda ya girma tsakanin Kiru da Doguwa zai gane ni kafin ya kai rabin takardar.

Ni makaɗin jita ne, jitar lantarki. Na bar garinmu Badafi ina saurayi, na koyi kiɗa a Sabon Garin Kano wajen wani mutumin Ghana, irin kiɗan nan na baƙaƙen Amurka da ake kira bulus, wanda jita take kuka kamar mutum. Mahaifina har ya rasu bai taɓa kiranta da sunanta ba, sai dai ya ce katakon nan. Shekara ashirin ina yawon otal-otal na Kano da Kaduna da Jos. Da kasuwarmu ta mutu sai na dawo gida na kama noman masara, jitar tana rataye a ɗaki, ƙura tana ci.

Na san ina tsawaitawa, amma sai ka san Dikko kafin ka gane abin da na yi.

A 1984 motarmu ta lalace kusa da Burumburum, muna hanyar Jos. Muna zaune gindin ɗorawa muna jiran direba ya dawo da bakanike, sai na ji busar sarewa daga cikin saura. Wani Bafulatani ne sa'ana, yana bayan shanunsa. Na ɗauko jita ba lantarki na bi shi, shi yana busa ni ina amsawa, har la'asar. Ya ba mu kindirmo, ya gaya mini da wannan karin yake kiran shanunsa gida. Na tafi da karin a kaina, na ɗora masa baitoci, na sa masa suna "Hanyar Doguwa". Ita ce waƙar da ta fito da ni, har yau in an san ni da ita aka san ni. A bayan kaset an rubuta ni na tsara ta. Dikko bai taɓa ta da maganar ba. Shekara arba'in muna tare. Ya zo sunan 'ya'yana, kuma duk kaka yana kawo shanunsa gonata su ci kara su bar mini taki.

Bara wani mai situdiyo a Kano, Sagir, ya nemo ni har gida ya ce yana so a yi mini sabon kundin waƙoƙi. Shi yana cewa kundin dawowa ne, amma ni da shi duk mun san na ban kwana ne. Ya gayyato baƙi su taya ni: Humaira, wadda matasa ke bi a waya, da Jamilu mai gambarar zamani, da wasu. Ni kuma na kafe sai an sa Dikko a "Hanyar Doguwa". Na ce a raina wannan karon zan sauke haƙƙinsa.

Ranar ɗauka ya zo da malafarsa da sandarsa. Ya cire takalmi a ƙofar situdiyo. Aka ba shi abin da ake rufe kunnuwa da shi, mai ƙas-ƙas ɗin da ke riƙe wa makaɗi lokaci, ya saurara kaɗan ya ajiye, ya ce shi bai saba busa wa agogo ba. Ya rufe ido ya busa sau ɗaya. Ba wanda ya motsa a ɗakin. Ni kuma, kamar yadda makaɗa ke yi in abokin kiɗa ya yi abin kirki, sai na ɗaga murya a tsakiyar waƙar na ambace shi, Dikko na Burumburum, na ce ya busa duniya ta ji.

Da aka maido mana muka saurara, a nan ne abin ya same ni. Na ji yatsuna. Sanyin ƙashi ya kama su shekara biyar ke nan, ina ɓoyewa. A gefen wannan busa jitata tana jan ƙafa kamar tsoho a bayan 'yan rakiya. Sagir, ba da mugun nufi ba, ya ce sarewar ita ce ran kundin gaba ɗaya, a ƙara mata murya a rage ta jita. Humaira ta tashi ta roƙi Dikko su ɗauki hoto. Ni ina kujera da jita a cinya.

Bayan mako guda na kira Sagir. Na ce masa na sake saurara, busar ba ta zauna a kan kiɗa ba, mutumin daji ne bai san ƙa'ida ba, a cire a sa sarewar inji, irin wadda ake bugawa a fiyano. Da bakina na faɗi haka, Malam, a kan mutumin da na ci arzikin numfashinsa shekara arba'in. Sagir ya yi abin da na ce. Amma muryata mai kiran sunan Dikko ban ce a cire ba, saboda ta yi mini daɗi yadda ta fita. To yanzu haka waƙar take: ina kiran Dikko, inji yana amsawa.

Matata Kulu ce ta fara ganewa. Na kunna mata a tsakar gida tana tankaɗe, ta saurara har ƙarshe, ta ce wannan sarewar ba ta numfashi. Ta dube ni, ta ci gaba da tankaɗenta. Tun ranar ba ta sake ta da maganar ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Za a ƙaddamar da kundin a Kwanar Dangora. Shekaranjiya Dikko ya zo. Ya gaya wa Ardo, ya gaya wa duk rugarsu, sun riga sun yi maganar motar da za ta kai su bikin. Sannan ya roƙe ni in an gama a tura masa waƙar a wayarsa, wai ƙirjinsa ya fara gajiya da busa, yana so ya riƙa kunna wa shanun in za su koma gida. Na ce to. Ban iya dubansa ba.

Sagir ya ce ainihin busar tana nan a kwamfuta, zai iya mayar da ita in na faɗa kafin Alhamis mai zuwa. In an mayar, kowa zai ji yadda hannuna ya koma, a kundina na ƙarshe. In an bari, ban san da wace fuska zan zauna kusa da Dikko ba. In mayar a ɓoye in yi shiru? In gaya masa? Ko in ce ba ni da lafiya a ɗaga bikin? Ka taimake ni.

Naka,
Tsohon Mai Jita, Kiru

*

Wa alaikumus salam, Tsohon Mai Jita.

Na gane ka, kamar yadda ka yi tsammani. Ina da kaset ɗinka tun ina aji uku na sakandare, kuma sai yau na san wanda ya kamata in gode wa. Ka ga har ni ka sa na yi shekaru ina gaida wanda ba shi ba.

Bari mu fara da ɗaga biki, don mu sallame shi. Ciwon ƙarya ba ya wuce mako biyu, kuma Dikko irin mutanen nan ne da za su zo dubiya da ƙwaryar nono. Ka yi tunanin kwanciya kana nishi yana yi maka addu'a.

Ba zan yi maka dariyar yatsu ba. Mutumin da hannunsa ne sana'arsa, ranar da ya ji hannun ya fara yi masa gardama, rana ce mai nauyi, kuma kai a lasifika ka ji, a gaban yara. Haka nan kundi naka ne. Makaɗa kullum suna cire abin da wani ya buga in bai dace ba, ba zunubi ba ne. Da ka cire busar ka cire ambaton, ka je ka gaya masa, da sai mu ce rowa ka yi, rowa kuwa tana da sauƙin magani. Amma ka cire mutum ka bar sunansa, saboda muryarka ta yi maka daɗi. A al'adar makaɗa ambato shaida ce: kana gaya wa mai sauraro cewa ga wanda ke yin abin da kake ji. Yau ka ba da shaida a kan inji. Wannan shi ne abin da ke hana ka duban Dikko, ba sanyin ƙashi ba.

Ka kira Sagir yau, kada ka jira Alhamis. Ka ce ya mayar da busar, ya ƙara mata murya yadda ya so tun farko, kuma a rubuta cewa karin "Hanyar Doguwa" na Dikko ne, baitocin naka. Sannan ka janye maganar da ka yi ta mutumin daji, domin a kunnen Sagir ka ɓata shi, a nan ya kamata ka wanke shi. Kada ka damu da yadda zai ɗauka. Ya riga ya sani, ai da kunnensa ya ji busar.

Batun gaya wa Dikko kuwa, na juya shi sosai. Akwai tuba da ba komai ba ce illa sauke kayanka a kan wanda ka cuta, kai ka samu barci shi ya rasa. In da busar kaɗai ce, da na ce ka gyara ka yi shiru. Amma Sagir ya sani, Kulu ta sani, wanda ya buga fiyanon ya sani, kuma maganar da ta shiga baki uku tana da kuɗin mota har Burumburum. Gara ya ji daga gare ka. Ka je rugar da kanka kafin biki, da goronka. Ka fara da tsohuwar magana ta 1984. Ina kyautata zaton zai yi murmushi, don makiyaya ma suna da rediyo, kuma mutum ba ya kasa gane kiran shanunsa. Shekara arba'in yana sane yana kawo maka taki. Sai ka faɗi sabuwar a taƙaice: na ji ka fi ni, na ji zafi, na sa an cire, na sa an mayar. Kada ka yi masa wa'azi a kan kanka. In ya yi fushi, haƙƙinsa ne, ka zauna ka sha.

Saura jitar. Iyakar abin da na karanta game da kiɗan da ka zaɓa, na mutanen da suka gaji ne, kuma tsofaffin masu yinsa ba su fi samun daraja ba sai da hannunsu ya yi nauyi. Wanda ke neman sauri yana da Jamilu. Wanda zai sayi kundin dattijo mai shekara sittin da bakwai yana so ne ya ji dattijon. Tsoho a bayan 'yan rakiya, kamar yadda ka kira kanka, ai shi ake rakowa.

Kuma ka tuna da alƙalan da ba za ka iya lallashi ba. Jama'ar Kwanar Dangora za su tafa wa kowace sarewa, don kara. Amma ranar da Dikko ya tsaya a bakin saura ya ɗaga wayarsa ya kunna, shanun ko dai su ɗago kai su biyo shi, ko su ci gaba da cin ciyawa. Ka tabbata sun ɗago.

Allah ya sassauta wa yatsunka, ya ƙara wa ƙirjin Dikko ƙarfi, ya sa a yi biki lafiya. Ka gaishe mini da Kulu, ita ce mai kunne a gidan.

Malam Gwadabe