Gaisuwar Inna a Saƙon Murya

Lome, daren Laraba

Ƙafafuna sun kumbura da yawon sarin atamfa, amma ba su suka hana ni barci ba. Tun zuwana na daina kiran Inna, don gaisuwa kaɗai ke cinye kiredi. Saƙon murya nake aikawa da wifin masauki, ƙanwata Hadiza ta kunna mata can gida Gesheme.

Yau Hadiza ta ce Inna ta yi fushi. Wai da ta ji muryata ta shiga amsawa, tana tambayar gajiya da baƙunta, ni kuwa ina ta zuba ban saurara ba. Ta ture salular ta ce, "Rabi ta koyo katse uwatta."

Wallahi na ji zafi. Kira ya fi ƙarfina, amma ba ni barin ta da fushi. Ɗazu na sake ɗaukar wani saƙon. Na ce, "Inna, ina wuni?" na yi shiru. Na ce, "Babu gajiya," na ƙara yin shiru, don na san sai ta tambayi ruwa.

Haka zan yi har in koma. Gobe shirun ƙarshe zai fi tsawo, Inna ba ta gajarta addu'a.