Tsiron da Na Haƙo a Kurmi

Sokode, yau Laraba.

Ƙanena Idi, gaisuwa mai yawa. Yaya Dapango, yaya iyali? Ni tari ya yi sauƙi, har na fito tsakar gida.

Tsiron da na haƙo a inuwar kurmi bara ya fid da kai. Maƙwabciyata ta ce, "Baba, albasar kwaɗi kake wa ban ruwa?" Na ce ta jira. Tun makarantar Jamusawa aka koya mana leɓen fure ke nuna danginsa, ba ganye ba. Ku yi mini addu'a in kai ranar buɗewarsa. Ka gaida yara.

Malamin dajin da ya ce zai zo duba tsiron bai zo ba. Ban naɗe tabarmarsa ba tukuna.