Gaisuwar Alhaji Badamasi

Madinat Nasr, Alƙahira
6 ga Janairu

Zuwa ga Yaya Fauziyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Man zafin da ta ce in saya yana cikin ledar nan, ki ce mata kada ta rabar wa maƙwabta kamar na bara. Ni lafiya lau, sai sanyin Alƙahira da ke shiga har ƙashi.

Kin yi ƙorafi cewa na daina ba ki labari. To ga labari, amma a takarda, don wayar da ke hannuna ta ofis ce. Kin san bayan darasi ina aiki a ɗan kamfanin yawon buɗe ido na Ustaz Isam, ina yi masa tafinta idan mutanenmu sun zo. Nan Allah ya haɗa ni da wani Alhaji Badamasi, ɗan kwangila daga Abuja. Duba lafiya ya zo yi, likita ya ce ba abin da ke damunsa sai teɓa, shi ne ya ga bai kamata ya koma gida hannu rabbana ba. Wai Dubai ta zama kasuwar ƙauye, har direbansa ya je. Yana son inda babu abokinsa ko ɗaya da ya taɓa takawa, don in an zauna a majalisa ya zama shi kaɗai ke da bakin magana.

Ustaz Isam, wanda ko a maƙabarta zai iya sayar da tikiti, ya zaƙulo masa wata ƙasa. Ba zan rubuta sunanta ba, an sa mu sa hannu cewa ba za mu ɓata ta ba. Ni dai Ƙasar Shiru nake ce mata. 'Yan ƙasar ba sa fita sai ta ɓarauniyar hanya, baƙo kuma ba ya shiga sai da ɗan rakiya na gwamnati. Yaya, ki ji abin da mutum zai zuba dukiya ya saya. A filin jirgi za a karɓe wayarsa a ba shi tasu. Otal ɗin na alfarma ne, amma ba zai fita ƙofarsa shi kaɗai ba, ko da masallaci za shi. Titin da motarsa za ta bi, inda zai ci abinci, har tagar da aka yarda ya leƙa, duk sai ma'aikatarsu ta amince tun muna nan. Za a kai shi wata kasuwa inda aka jera tumatir kamar an goge su da tsumma, kuma ba na sayarwa ba ne. Ranar farko zai ajiye furanni a gindin gunkin shugabansu. Na ɗauka a nan zai tuna shi Musulmi ne. Ina! Tambaya ya yi ko akwai mai ɗaukar hoto a wurin.

Na karanta masa dokokin tsaf, yana gyaɗa kai yana cewa ƙasa ke nan, ga tarbiyya, ba irin tamu ba da kowa ke da baki. Mutumin da ko layin banki bai taɓa bi ba! Ya zaɓi tsari mafi tsada, wanda suke kira na sarakuna, bai ko tsaya jin abin da ke ciki ba.

Duk wannan abin dariya ne. Abin da ya hana ni sakat shi ne Awadiyya. Ita ke yi musu girki a gidan da suka kama haya shi da Hajiyarsa, ni ce ma na samo mata aikin. A Ard al-Liwa take zaune, unguwar 'yan gudun hijira. Jikar Hausawan nan ce da suka kama hanyar Makka a ƙasa, suka yada zango a hanya, ba su ƙarasa ba kuma ba su dawo ba. Hausarta irin ta kakanni ce, in ta gaishe ki sai kin tuna marigayiya Goggo. Kullum tana raina lemun tsamin Masar, wai ba shi da ƙanshi kamar na bishiyar da ke tsakar gidansu.

To 'yar Ƙasar Shiru ce. Da ta gudo, mahaifiyarta Hajja Fatuma ta je ta shaida wa hukuma cewa 'yarta ta nitse a ruwa, har ta yi zaman makoki da sadakar uku. Dole ce ta sa, domin a can in ɗanki ya tsere ke ake kamawa a madadinsa. A wurin hukumarsu Awadiyya gawa ce, kuma mutuwar nan tata ce ta bar tsohuwar a ɗakinta. Abin da ya rage tsakaninsu ɗaya ne. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Bakri, ƙanen Awadiyya, yakan ari wayar wani ya kira ta, in ta yi ƙara sau ɗaya ya kashe. Ma'ana suna nan lafiya.

Hajiya ta ji asalinta a kicin, ta kai wa Alhaji. Nan take ya rantse sai ya je ya gaida tsohuwar da turamen atamfa da goro, wai zumunci a ƙafa yake. Awadiyya ta durƙusa ta roƙe shi. Ni ma na zauna na warware masa zare da abawa. Ya ce ya ji, ya fasa, amma da fuskar wanda aka hana raba sadaka a gaban jama'a. Ki taya mu da addu'a.

Ki gaida Inna da kowa da kowa.

Taki ƙanwa,
Rabi'atu

Madinat Nasr, Alƙahira
29 ga Janairu

Yaya Fauziyya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya, kuma zazzaɓin autarki ya sauka. Kuka da daddawa sun iso, na gode Allah ya bar zumunci. Maƙwabtanmu Misirawa sun ɗauka ɓera ne ya mutu a bene.

Yaya, abin da nake gudu ya faru, kuma ta inda ban tsare ba.

Makonni biyu da suka wuce ma'aikatarsu ta haɗa mu da ɗan rakiyar ta bidiyo, don a bi tsarin tafiyar dalla-dalla. Sunansa Mu'tasim, yana sanye da kwat, fuska sumul, murya kamar ta mai karanta labarai, ga hoton shugabansu a bayansa. Yana Larabci ina juya wa Alhaji. An tattauna irin naman da Alhaji ke so, da taushin katifa, da jirgin ruwan da za a hana kowa shiga sai shi. Ya nemi a sa masa 'yan sanda masu babur da jiniya a gaba, aka ce an ba shi. Baki har kunne.

Kin san halinmu. Ba ma rabuwa da baƙo sai mun tono wanda muka sani a garinsu. Ko a mota aka haɗu sai an tambayi wace unguwa, gidan wa, ka san wane, a ƙarshe a ce a gaishe shi. To an gama komai, Ustaz Isam har ya miƙa hannu zai kashe, sai Alhaji ya gyara zama ya ce in tambayi mutumin ko ya san unguwar Hausawa da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Na yi tari, na zare masa ido, ko a jikinsa. Ya ci gaba da cewa ai mai dafa masa abinci a nan 'yar can ce, Awadiyya 'yar Hajja Fatuma mai ƙosai, kuma tunda an hana shi zuwa, a isar wa uwar da gaisuwa, a ce 'yarta na nan ta yi ɓulɓul. A ganinsa bai saɓa alkawari ba, tunda ƙafarsa ba za ta taka gidan ba.

Na juya da Larabci na ce Alhaji yana yaba tsaftar titunansu. Mu'tasim ya yi murmushi, ya bar ni na kai aya. Sannan ya buɗe baki da Hausa, Yaya, Hausa tatacciya, ya ce wa Alhaji insha Allahu gaisuwa za ta isa. Ya ɗauki biro ya tambayi yaushe yarinyar ta zo Masar. Alhaji ya waiwaya yana tambayar Hajiya, ita kuma ta faɗa. Ashe tsarin sarakuna ya haɗa da ɗan rakiya mai jin yaren baƙo. Na ga hakan a takarda, na ɗauka Turanci ake nufi.

Alhaji sai murna, wai ya yi ɗan'uwa a ƙasar waje. Da na yi masa magana bayan an kashe, cewa ya yi in daina mugun zato, yaron kirki ne, kunya ce fal a idonsa. Wai ba gwamnatin da za ta kama tsohuwa saboda gaisuwa, in ma an samu matsala zai kira wani minista. Ministan ina? Na rasa abin da ya fi ba ni haushi, wautar ko yadda yake jin daɗinta. Na je wurin Ustaz Isam na ce a soke tafiyar. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, an riga an biya, khalas, magana ta ƙare.

Na hau mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, na je Ard al-Liwa na gaya wa Awadiyya da bakina. Na same ta tana yanka kuɓewa. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na fi samun sauƙi. Tambayata kawai ta yi yau wace rana ce. Washegari ta koma ta tuƙa wa Alhaji tuwon shinkafa da miyar taushe, don mai gidan haya ba ruwansa da baƙin cikin kowa.

Ranar Juma'a na je na zauna da ita, wayar na kan tabarma a tsakaninmu. Aka sauko daga masallaci, aka yi la'asar, aka kira magariba. Ta ce wataƙila mai wayar ne ya yi tafiya. Juma'ar da ta biyo baya ma haka muka zauna, wayar ba ta yi ƙara ba.

Jiya kuma tsarin tafiyar ya dawo daga ma'aikatarsu da hatimi. Sun amince da komai, har sun ƙara masa wata kyauta don girmama babban baƙo: ziyarar gidan Hajja Fatuma. Alhaji ya kira ni musamman yana dariya, wai ina masu cewa ba a zumunci a ƙasar. Ya riga ya tura Hajiya kasuwa sayen atamfa.

Ki gaida mutanen gida. Kada ki ba Inna wannan labarin tukuna.

Taki,
Rabi'atu

Madinat Nasr, Alƙahira
4 ga Maris

Yaya Fauziyya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali. Na ji Inna ta fara takawa har ƙofar gida, alhamdu lillahi. Ni ma jikina lafiya.

Sarkin yawo ya dawo. Ya tsaya a Alƙahira kafin ya wuce gida, ya tara mu a falo kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Ya ƙara ƙiba. Wai bai ga mabaraci ko ɗaya ba, bai ji wanda ya yi ƙorafi ba, duk wanda ya tambaya ya ce masa lafiya lau. Wai da za a ba shi Najeriya wata shida da haka zai mayar da ita. Na ce a raina Allah ya tsare gatari da noma.

Tunda an karɓe wayarsa, ma'aikatar ce ta ɗauki hotunan, ta wanke, ta jera masa a kundi mai bakin zinariya. Ga shi a gindin gunki da furanni, ga shi yana shafa tumatir. Da aka zo kan na ziyarar sai ya sa aka kira Awadiyya daga kicin. Ya sa an yi wa hoton firam, ya miƙa mata da hannu biyu yana kallonmu, don kowa ya shaida. Ya ce mahaifiyarta lafiyarta ƙalau, ta yi ta sa masa albarka, kuma ta ce a gaya wa 'yarta ta koma gida, gwamnati ta yafe mata. Ya tambayi Bakri, aka ce masa ya tafi hidimar ƙasa. Ya ƙara da cewa ga shi nan, abin da muka yi ta tsoro, ashe alheri ne.

Awadiyya ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta durƙusa ta yi masa godiya, ta tashi ta koma kicin. Na bi ta.

Ta ɗora hoton a kan murhu tana nuna mini da yatsa. Tsakar gidansu ne. Ga bishiyar lemun tsamin, ga turminsu, ga kaskon ƙosai a jingine da bango. Ga Alhaji cikin babbar riga ya dafa turamen atamfa. Kusa da shi wata tsohuwa ce jajir, mai ƙiba, tana dariya da haƙora cike da baki. Mayafin da ke kanta na Hajja Fatuma ne, Awadiyya ta nuna mini inda ya taɓa yagewa ta ɗinke shi da baƙin zare da hannunta, don ba ta sami shuɗi ba. Matar da ke cikin mayafin kuwa, ba ta taɓa ganinta ba a duniya.

Muna tsaye a nan muka jiyo Alhaji daga falo yana gaya wa Ustaz Isam cewa baɗi zai kawo abokansa su goma, kuma a tambayi Awadiyya ko tana da wasu dangin da za a gaisar. Ta ciro hoton daga firam ɗin, ta ɗauki almakashin kicin, ta yanke Alhaji, ta yanke matar, ta bar bishiyar da kaskon. Shi ta sa a jakarta.

Na ajiye wa Ustaz Isam wayarsa a kan tebur, ba zan koma ba. Har yanzu duk Juma'a ina zuwa Ard al-Liwa, ita kuma har yanzu tana ajiye wayar a kan tabarma.

Yanzu kina iya ba Inna labarin. Ki ce ta sa Hajja Fatuma da Bakri a addu'arta, ta ambaci sunayensu. In ta tambaye ki addu'ar masu rai za ta yi musu ko ta mamata, ki ce mata mu ma ba mu sani ba.

Wassalam. Taki ƙanwa,
Rabi'atu