Bayan kura da bayan damo

Daren Laraba, daminar 1998

Na gaji tiɓis. Jiya bayan aikin asibiti na yanyanka kwalayen magani na zana wa ɗiyata Rahila karta: kura, damo, kunama, bushiya, kowa da lambar ƙarfinsa, don ta kara da ɗan lokotoro, wato ɗan likitanmu. Irin tasa ta ƙasar waje ta fi ƙarfin aljihuna.

Yau ta dawo ido jawur. "Baba, ya cinye ni. Duk wadda na riƙe ya san ta. Bayan kura kinin aka rubuta, bayan damo asfirin."

Ko juya su ban yi ba.

Na shafe bayansu da shunin wankin uwarta, suna bushewa bisa tabarmata. Ni a ƙasa zan kwana.