Dariyar Safara'u a Tsakar Gida

Gumel, Jihar Jigawa.

Zuwa ga ɗana Habibullah,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'a, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka a can Fatakwal. Allah ya tsare ku, ya sa albarka a nemanka. Mu nan mun gode Allah. An gama girbin gero, riɗin kawunka na Gagarawa ya yi kyau bana, ciwon gwiwata ma ya lafa. Da hannuna nake rubutawa, ka yi haƙuri da karkacewar baƙaƙen. A waya kai ne kake magana, ni ina cewa to, har mu rabu ban faɗi abin da ke raina ba.

Maganar ƙanwarka Safara'u ce. Tun da mijinta Usaid ya rasu a hatsarin babur ɗin nan, ta shiga takaba a gidansu a Sule Tankarkar, ka ji labarinta ne kawai, ba ka gan ta ba. Ɗakin ƙurya suka ba ta, an toshe tagar da buhu. Inna Rakiyya, uwar marigayin, ta damƙa mata 'yar wuƙa ta ce ta riƙa riƙewa, kada ta ɗaga murya, kada ta fito sai za ta kewaya. Haka aka yi musu a zamaninsu, in ji ta. Yarinyar nan da ka sani da surutu yanzu bango take kallo. Tuwo yadda aka kai shi haka ake fito da shi. Ba ta barci, ba ta kuma kuka. Da kuka take yi da na fi samun sauƙi.

Saƙonnin muryar da ka turo a wayar maƙwabciyata A'i na saurare su har na kusa haddacewa. Ka ce akwai wasu sinadarai a ƙwaƙwalwa masu sa zuciya ta yi sanyi, kuma hasken hantsi, da motsa jiki, da barci, da abinci mai kyau, da zama cikin mutane suna taimaka wa jiki ya samar da su. Na je asibiti na tambayi wata ma'aikaciyar jinya, ta ce gaskiya ka faɗa. Ta ƙara da cewa idan abin ya ƙi sauƙi dole likita ya gan ta, don wannan ciwo ne kamar kowane ciwo.

Sai na ɗaure wake da gyaɗa da ƙwai da busasshen zogale, na hau mota. Na roƙi Inna Rakiyya kamar zan durƙusa, ta yarda da ƙyar in riƙa fito da Safara'u tsakar gida da safe bayan maza sun watse. Nakan shimfiɗa tabarma a jikin katangar da rana ke fara bugawa, in ajiye mana gyaɗa muna ɓarewa. Wani lokaci in kama hannunta mu taka daga bakin rumbu zuwa madafi mu dawo. Da farko idonta ma ba ya buɗuwa don haske. A hankali ta fara cin ɗanwake, ta sha kunu. Wata rana bayan azahar na leƙa na tarar tana barci har da minshari, na koma bayan ɗaki na yi kukana.

Ran nan muna zaune sai wata akuya ta cusa kai a tsohuwar tukunya, kan ya ƙi fita. Ta riƙa ja da baya tana karo da turmi, kaji suna watsewa. Safara'u ta yi dariya. 'Yar gajeruwa ce, ta ma rufe baki da mayafi. A daidai lokacin wasu mata daga Maigatari suka yi sallama, sun zo ta'aziyyar da ba su samu yi da wuri ba. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa, wai mai takaba tana ƙyalƙyala dariya a tsakar gida, uwarta na ɗura mata ƙwai kamar amarya, da ma sun ƙagu a gama a ɗaura wani. Inna Rakiyya ta yi ta kuka tana cewa ƙasar kabarin ɗanta ba ta bushe ba. Ban ga laifinta duka ba, ita ma ɗa ta rasa. Amma tawa 'yar tana da rai, ita aka mayar cikin duhu. Ni kuma aka ce an gode, Allah ya kiyaye hanya.

Da na dawo na sami Malam Ɗantsoho, limamin unguwarmu. Ya ce wuƙa da toshe taga ba addini ba ne, al'ada ce, tsakar gida ma gidan miji ne, kuma in ana tsoron lafiyarta ko hankalinta ya halatta ta ƙarasa takabar a wajenmu. Na koma da wannan magana wajen Baffa Gwadabe, maigidan. Ya saurare ni a zaure cikin mutunci, sannan ya ce wannan zancen maza ne. Mahaifinta ya rasu, amma ai tana da wa, ya zo su zauna. Ya ce shi ba ya yanke maganar gida a waya.

Habibullah, ilmin da ka turo gaskiya ne, na gani da idona. Amma tun da aka kore ni ka sake turo saƙo har sau nawa, wannan na amfanin cin ayaba, wancan na yadda ake jan numfashi. Wa zan kunna wa? Ranar tana nan tana fitowa a tsakar gidan, taku kaɗan tsakaninta da ƙanwarka, abin da babu shi ne namijin da zai tsaya a zaure ya ce a buɗe ƙofa. Na san aiki, na san nisa. Na kuma san ka zo bikin abokinka a Kano bara. Ranar da zan taho Safara'u ta ce mini da ma a ce tana bayan babur ɗin nan tare da Usaid. A hankali ta faɗa, da wuƙar a hannunta. Na karɓe na ɓoye a zanena, amma na san za a ba ta wata.

Ka gaishe da matarka Halimatussa'adiya, ka shafa mini kan Nana Firdausi. Kawunka da A'i suna gaishe ka. Safara'u ba ta ba da gaisuwa ba. Ranar da muka rabu tambayata ta yi ko Yaya ya san halin da take ciki, na ce mata kana hanya, kafin sabon wata ya tsaya za ka iso. Ban tambaye ka ba na faɗa, kuma ta yarda.

Ni ce mahaifiyarka,
Talatu