Kun Sauya Kwali, Takardar Ladi Ta Mutu

Zuwa ga Manajan Darakta na kamfanin da ke sayar da manhajar gina rumbun bayanai mai jan kwali.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Ban rubuta sunan kamfaninku ba, ranka ya daɗe, don ban tabbata zai kai mako mai zuwa ba ku sauya shi ba.

Ni malamin kwamfuta ne a Gwagwalada. Da gwamnati ta taso daga Legas, ma'aikatu suka iso da manyan motoci cike da fayil-fayil, suna neman waɗanda za su zuba su a kwamfuta. Ganin haka na baro Zariya na kama shago, na sa injina uku, na shiga koyar da manhajarku mai shuɗin kwali: yadda ake tsara rumbu, a gina fuskar shigar da bayanai, a fitar da rahoto. Halal na saye ta a wajen dilanku na Jabi, ban taɓa koyarwa da faifan sata ba.

Ga kokena na farko. Bana kun janye shuɗin kwali, kun fito da ja, da sabon suna, kuna talla a jarida cewa sabuwa ce fil, ba ruwanta da ta da. Na saya na buɗe. Ranka ya daɗe, ita ce. Umarnin da ake bugawa bai sauya ba, littafin ma babi-babi kawai aka juya. In mutum ya yi kuskure, saƙon da ke fitowa a allo har yanzu tsohon sunan yake ɗauke da shi. Riga kuka sauya mata, ko wanka ba ku yi mata ba.

Na biyu, kuma shi ne ya hana ni sakat. A ɗalibaina akwai Ladi, 'yar wani manomi, Baba Danjuma. Gonarsu ta shiga cikin filin da aka gina birnin nan, aka mayar da su wani tudu mai tsakuwa inda doya ba ta yi. Shi ya kawo ta da kansa, ya ce tunda ƙasa ta tafi, a koya mata aikin waɗanda suka zo. Ban taɓa samun mai kaifin kai kamarta ba. Wata ma'aikata ta nemi ma'aikata, ta rubuta sabon sunan manhajarku a cikin sharuɗɗa. Ladi ta je da takardar shaidar da na ba ta, mai tsohon suna. Ko kujera ba a ba ta ba. Ta roƙi a zaunar da ita gaban inji a gwada ta, jami'in ya ce shi abin da aka rubuta yake bi. Ban ga laifinsa sosai ba, tallarku ya karanta.

Washegari Baba Danjuma ya shigo ana tsakiyar darasi, ya ajiye takardar a teburina. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Malam, oga ya ce abin da ka koya mata ya mutu. Kai ka san ya mutu, ka karɓi yarinyata?" Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na kunna inji in nuna masa, sai na tuna bai iya karatu ba. Kalar kwali kawai yake iya gani, kuma kalar ta bambanta.

Na uku. Na je ofishinku na Garki, aka ce sai cibiyar da kuka amince da ita ce za ta ba da shaida da sabon suna, kuma ba a amincewa sai da mai na'urar sanyaya ɗaki da janareto. Ni fanka ɗaya gare ni. Wani ya ba ni shawarar in buga wa Ladi wata takarda da sabon sunan kawai. Na ƙi, don ku za ku fara kirana ɗan damfara.

Ga roƙona. Ku rubuta shafi ɗaya da tambarinku, ku ce shuɗi da ja abu ɗaya ne, wanda ya iya wancan ya iya wannan. Ku aika wa ma'aikatu, ku buga a jaridar da kuka yi tallar. Na san abin da zai sa ku yi nauyin hannu: ranar da kuka faɗi haka, babu mai sake saye. To ku auna cinikinku da rayuwar yarinyar nan.

Ƙarshen wata za a rufe ɗaukar ma'aikata. Ladi ta daina zuwa. Jiya na hango ta a Karmo tana ɗaukar bulo a ka wajen masu gini. Ta gan ni, ta kau da kai.

Allah ya ƙara wa kamfaninku albarka, ya tsare 'ya'yanka daga ranar da za a ce abin da suka sani ba shi da suna.

Wassalam.

Malam Haladu,
Mai koyar da kwamfuta, Gwagwalada.